Inji, Ƙamus ko Ƙwararre: Wa Za Ka Ba Fassarar Takardun Gurɓataccen Ruwa Daga Sifaniyanci Zuwa Turanci?

Takardun da suka shafi tace gurɓataccen ruwa da kare muhalli suna yawan zuwa da Sifaniyanci. Sifaniya ƙasa ce mai fama da ƙarancin ruwa, ta daɗe tana tace ruwan birane tana mayar da shi gonaki, kamfanoninta kuma suna gina matatu suna sayar da injuna a ƙasashe da dama. A ƙetaren teku akwai Meziko da matatarta ta Atotonilco a jihar Hidalgo, wadda ke cikin mafiya girma a duniya, akwai Taboada a Peru, akwai La Farfana a Santiago ta ƙasar Chile. A nan Afirka ma, wanda ya taɓa hulɗar aiki da Malabo ko Bata, biranen ƙasar Equatorial Guinea, ya san da Sifaniyanci ake rubutun ofis a can. Shi ya sa injiniya, ko ɗalibin digiri na biyu, ko ɗan kwangilar da ya sayo inji, zai iya wayar gari da littafin sarrafa famfo ko sakamakon gwajin ruwa ko takardar izinin hukuma a hannunsa, alhali shi da Turanci yake aiki.

Hanyoyin da ke gabansa biyar ne: ya zuba takardar a injin fassara, ya zauna ya yi da kansa da taimakon ƙamusoshin hukumomi, ya ba wanda ya iya harsunan biyu amma bai san fannin ba, ya nemi ƙwararren mai fassara a harkar ruwa, ko ya haɗa inji da gyaran ƙwararre. Kafin a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sai a fara sanin inda irin wannan fassara take karyewa, domin da nan za a auna kowace hanya.

Ma'aunin farko: kalmomin fanni

Yawancin kalmomin wannan fanni na yau da kullum ne, injiniyoyi suka ara suka ɗora musu wata ma'ana. *Vertedero* a rahoton shara juji ne, wato *landfill*. A zanen matata kuwa bakin tanki ne da ruwa ke malala ta kansa ya fita, wato *weir*. *Vertido* na iya zama ruwan da aka saki da izinin hukuma, *discharge*, yana kuma iya zama malalar da ta auku bisa haɗari, *spill*. Na farko kuɗin hukuma ake biya a kansa, na biyu yana iya jawo tara. *Decantador* shi ne babban tankin da ruwa ke kwanciya a ciki har laka ta sauka ƙasa, Turawa su ce *clarifier* ko *settling tank*. Wanda ya rubuta *decanter* ya tura mai karatu wajen wani inji dabam, mai juyawa da gudu, wanda ake matse laka da shi.

Akwai wadda ta fi waɗannan haɗari. *Sulfuro* ya yi kama da *sulphur*, amma *sulphide* ne. Farar wuta *azufre* ake kiranta. *Ácido sulfhídrico* kuma iskar nan ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, *hydrogen sulphide*, wadda ke taruwa a ramukan magudana da rijiyoyin famfo, tana kashe ma'aikacin da ya shiga babu kariya. Haruffa kaɗan ne suka raba sunanta da *ácido sulfúrico*, wanda ruwan batir ne. Idan aka musanya su a shafin gargaɗi, ma'aikaci zai sa safar hannu da tabarau ya shiga rami, alhali abin da yake bukata na'urar auna iska ce da abin shaƙa.

Sai taƙaitattun haruffa, waɗanda su ne rabin kowane sakamakon gwaji. DBO5 shi ne BOD5 (iskar oksijin da ƙwayoyin halitta ke ci cikin kwana biyar wajen ruɓar da ƙazantar ruwa), DQO shi ne COD (irin wannan awo amma da sinadari), SST shi ne TSS (ɓurɓushin da ke yawo cikin ruwa), NTK shi ne TKN (awon naitirojin), COT shi ne TOC (awon kabon), TRH shi ne HRT (tsawon lokacin da ruwa ke yi a tanki). Haruffan kusan iri ɗaya ne, jerinsu ne ya juya, don haka ido yakan wuce su bai lura ba.

Na biyu: daga ina takardar ta fito, ina za ta?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, domin suna ɗaukar Sifaniyanci guda ne. Matatar gurɓataccen ruwa EDAR ce a Sifaniya, PTAR a Meziko da Kolombiya da Peru. Lakar da ke fita daga matata *fangos* ce a bakin injiniyan Madrid, *lodos* a yawancin Latin Amurka, *barros* a Ajantina. Ruwan ƙazantar kansa *aguas residuales* ne a rubutun hukuma, amma a Chile za ka ga *aguas servidas*, a Ajantina *líquidos cloacales*, dagwalon masana'antu kuma Chile ta ba shi nata sunan, RILES. Wanda ya ga RAFA a rahoton Meziko, abin da ake kira UASB ne a Turanci, wato tankin da ƙwayoyin halitta ke tace ruwa a ciki ba tare da iska ba.

Idan aka shiga doka abin ya ƙara tsanani. Ɗauki haruffa uku: DIA, *declaración de impacto ambiental*. A Sifaniya, a ƙarƙashin doka mai lamba 21 ta 2013, wannan hukunci ne da hukumar muhalli ke yankewa bayan ta gama nazarin aiki. A Chile, a ƙarƙashin doka mai lamba 19.300 ta 1994, takarda ce da mai aikin kansa yake miƙa wa hukuma idan aikinsa bai kai ga buƙatar cikakken nazari ba. Wanda ya juya kalmomin ɗaya bayan ɗaya zai rubuta *environmental impact statement* a duka biyun, wannan kuwa a Amurka sunan dogon rahoton nazari ne. Abu uku ke nan mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Banki ko abokin kwangila da ya karanta zai iya zaton an riga an sami amincewar hukuma, alhali takardar nema kawai aka shigar. Meziko ma tana da nata, MIA, wadda ake miƙa wa ma'aikatar muhalli ta ƙasar, SEMARNAT.

Turancin ma kashi biyu ne. Inda ruwa ke fara shiga matata, *obra de llegada*, *inlet works* ne a Birtaniya, *headworks* a Amurka. Rarar lakar da ake zubarwa, *fangos en exceso*, SAS ce a Birtaniya, WAS a Amurka. Mai karatu a Najeriya ko Ghana ya fi sabawa da rubutun Birtaniya, amma littattafan injiniyanci da yawa da ya yi karatu da su na Amurka ne, don haka dole a tambaye shi wanne yake so, a tsaya a kai.

Na uku: lambobi

Ga layi irin wanda ake gani a shafin farko na zanen ƙaramar matata a Sifaniya: *caudal medio 1.500 m³/d, 12.000 h-e, DBO5 de salida 25 mg/l*. Ɗigon da ke cikin 1.500 na dubbai ne, wato mita kubik dubu ɗaya da ɗari biyar a rana. Wanda ya bar shi yadda yake a takardar Turanci ya mayar da matatar gari ta koma ta gida guda, mai mita kubik ɗaya da rabi. Waƙafi ne yake raba cikakkiyar lamba da ɓarinta a Sifaniya da Chile da Ajantina, amma Meziko ɗigo take amfani da shi kamar Turanci, don haka ba a bin doka ɗaya a kan kowace takarda.

H-e kuwa *habitantes equivalentes* ne, *population equivalent* ko p.e. Wannan ba ƙidayar mutane ba ce. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 kan ruwan ƙazantar birane, mai lamba 91/271, ta ƙayyade shi a matsayin giram 60 na BOD5 a rana, don haka 12,000 na nufin nauyin ƙazanta kilo 720 kullum, ko daga gidaje ya fito ko daga mayanka. Ƙara da cewa *billón* miliyan sau miliyan ne, *trillion* ke nan, hm³ da hukumomin koguna na Sifaniya ke son rubutawa kuma mita kubik miliyan ɗaya ne.

Sauran ma'aunai sanannu ne, ba sai an daɗe a kansu ba: nawa za a kashe, kwana nawa za a ɗauka, me zai rage a hannunka idan takarda ta biyu ta zo, da kuma ko sirrin takardar zai fita.

Hanya ta ɗaya: injin fassara

Google Translate da DeepL sun ƙware ƙwarai a tsakanin waɗannan harsuna biyu, domin akwai tulin rubutu da aka horar da su a kai. A dogon sakin layi mai cikakkun jimloli, kamar gabatarwar rahoto, aikinsu yana da kyau har ya ba mutum mamaki. Kyauta ne, cikin daƙiƙoƙi.

Matsalarsu tana inda jimla ta ƙare: jadawali, jerin kayan gyara, rubutun da ke jikin zane. A nan kalma tana tsaye ita kaɗai, babu abin da zai nuna wa inji ko *vertedero* juji ne ko bakin tanki. Haka nan ba ya riƙe magana: zai kira tanki *clarifier* a shafi na 4, *settler* a shafi na 9, *decanter* a shafi na 20, mai karatu ya ɗauka injuna uku ne. Taƙaitattun haruffa wani lokaci ya juya su, wani lokaci ya bar su. Idan takardar hoto ce da aka ɗauka da sikana, kuskuren karanta haruffa zai hau kan na fassara. Abin da ya fi damuna da inji shi ne Turancinsa yana da santsi ko da ya yi kuskure, don haka wanda bai iya Sifaniyanci ba ba shi da alamar da zai kama.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT sun fi a wani ɓangare: kana iya gaya musu cewa takardar daga Kolombiya take, Turancin Birtaniya kake so, ga jerin kalmomin da za a bi. Amma sukan tsallake layi a doguwar takarda, kuma idan suka haɗu da haruffan da ba su sani ba sukan ƙirƙiro musu ma'ana mai kama da gaskiya. A kan sirri kuwa, sharuɗɗan DeepL na kyauta sun ba kamfanin damar amfani da rubutun da aka zuba wajen inganta injinsa, na biya ne ake gogewa. Takardar neman kwangila da ba a buɗe ba bai kamata ta shiga kowane akwatin kyauta ba.

Hanya ta biyu: kai da kanka, da ƙamusoshin hukumomi

Wannan ta dace da injiniyan da ya san fannin da Turanci, kuma yana ɗan tsintar Sifaniyanci. Wanda ya iya Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, ya sami rabin hanya, domin DBO5 ɗaya ne a harsunan biyu, DQO kuma shi ne DCO ɗin da ya sani.

Kayan aikin kyauta ne kuma masu inganci. IATE, rumbun kalmomin Tarayyar Turai da aka buɗe wa jama'a a 2007, yana ba da kalma a harsunan Tarayyar 24, da fannin da ta fito, da taurarin da ke nuna yawan amincinta. EUR-Lex ya fi shi amfani a ganina, domin yana jera doka guda da harsuna biyu gefe da gefe. Buɗe dokar 91/271 da Sifaniyanci da Turanci, ka sauka zuwa jadawalin da ya ƙayyade BOD5 a 25, COD a 125, TSS a 35, duka miligiram a lita, za ka ga kowace kalma zaune a cikin jimlarta. Sabuwar dokar da aka yi don ta maye gurbinta, mai lamba 2024/3019, ta kawo kalmomin zamani kamar tacewa mataki na huɗu don cire ragowar magunguna da kayan kwalliya, haka ma dokar 2020/741 kan sake amfani da ruwa a noma. Akwai GEMET na hukumar muhalli ta Turai, akwai UNTERM na Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai TERMIUM Plus na gwamnatin Kanada. Littafin nan na Metcalf da Eddy da kusan kowane injiniyan ruwa ya sani an fassara shi zuwa Sifaniyanci, wanda ya sami bugu biyun da suka dace da juna ya sami ƙamus mai zane.

Inda waɗannan ke gazawa wuri biyu ne. Sun karkata ga Sifaniyancin Turai da harshen doka, don haka ba za su taimaka sosai da ƙa'idar NOM-001-SEMARNAT-2021 ta Meziko ko ƙuduri mai lamba 631 na 2015 na Kolombiya ba. Sannan ba sa sauka zuwa ƙananan kayan matata, irin su *arqueta*, ƙaramin ɗakin duba bututu, ko *pozo de gruesos*, ramin da manyan tarkace ke faɗawa. Don waɗannan sai ka nemi kundin kayan kamfanin da ya buga da harsuna biyu, ka dubi hoto.

Kuɗin da za ka biya lokacinka ne, kuma yana da yawa. Amma wannan hanya ce ke bar maka abu mai ɗorewa. Idan ka yi aikin a cikin OmegaT, manhajar kyauta da ke ajiye kowace jimla da fassararta, takarda ta biyu daga kamfani ɗaya za ta zo maka da sauƙi. Haɗarinta nahawu ne: injiniya zai gane kowane inji, amma ya kasa bambance abin da doka ta wajabta da abin da ta ba da shawara, ko ya kasa kama wanda nauyin gyara ya hau kansa a sharaɗin garanti.

Hanya ta uku: wanda ya iya harsunan amma bai san fannin ba

Ɗan'uwan da ya yi karatu a Kuba, malamin harshe, ko kamfanin fassara mai karɓar komai daga takardar haihuwa zuwa tallar sabulu. Yana da sauƙin samu, farashinsa matsakaici ne, nahawunsa daidai. A wasiƙu da bayanan taro ba shi da laifi.

A takardar fasaha kuwa, a ganina ita ce hanya mafi rauni idan aka auna da kuɗin da aka kashe. Araha ba ta ado. Kuskurensa irin na inji ne, *decanter* da *sulphur* da sauransu, sai dai kai ka saki jiki domin mutum ne ya yi. Idan dole ce ta sa, ka ba shi jerin kalmomi tun farko, kuma injiniya ya karanta bayansa.

Hanya ta huɗu: ƙwararre a fannin ruwa da muhalli

Irin wannan mutum yakan kasance injiniya ko masanin sinadarai da ya koma fassara, ko mai fassarar da ya shekara yana aiki da kamfanonin ruwa. Ana samunsu a kundin ƙungiyoyi kamar ITI da CIOL a Birtaniya, ATA a Amurka, Asetrad a Sifaniya. Alamar na ƙwarai ita ce tambayoyin da zai jefo maka kafin ya faɗi farashi: daga wace ƙasa takardar take, wa zai karanta, akwai zane? Shi ne zai lura cewa jimillar jadawali ba ta yi daidai ba a asalin takardar ya sanar da kai. Shi ne kuma zai san cewa *Confederación Hidrográfica* hukumar kula da kwarin kogi ce, tsarin da Sifaniya ta fara da kogin Ebro tun 1926, ya bar sunan yadda yake ya ɗora bayani a gefe, maimakon ya ƙirƙiro wata ƙungiyar da babu ita.

Ana biyan kuɗi ne kan kowace kalma. A kasuwar Turai fassarar fasaha irin wannan takan faɗa tsakanin santi 8 zuwa 15 na yuro. Littafin inji mai kalma 30,000 a kan santi 10 yuro 3,000 ke nan, kuma tunda mai fassara yakan yi kalma 2,000 zuwa 2,500 a rana, sai ka ware masa mako biyu zuwa uku. Idan ta hannun kamfani ne mai bin ƙa'idar ISO 17100, mutum na biyu zai sake duba aikin, farashin ya ɗan hau. Ga mai biya da naira ko sefa wannan kuɗi ne mai nauyi, babu musu. Sai dai a ɗora shi kusa da kuɗin injin da aka sayo, da na kwanakin da matata za ta tsaya idan aka haɗa shi ba daidai ba.

Abu biyu za ka nema a rubuce tun farko. Ya ba ka jerin kalmomin da ya tsayar a fayil na Excel, da ma'ajiyar jimlolinsa a tsarin TMX, wanda OmegaT da Trados da memoQ duk suna buɗewa. Idan babu su, ka sayi takarda ɗaya kawai. Idan akwai su, aiki na gaba zai yi sauƙi ko da wani ne zai yi. Sannan sai an gwada akan san na ƙwarai: biya shi ya fassara shafi guda mai jadawali, ka ba injiniyanka ya gani.

Kada a haɗa shi da rantsattsen mai fassara. A Sifaniya *traductor jurado* ma'aikatar harkokin waje ce ke naɗa shi, hatiminsa da sa hannunsa ne ke sa fassara ta karɓu a hukumance. Ajantina tana da *traductor público*, Meziko *perito traductor*. Hatimin shaidar doka ce, ba ya nuna mai shi ya taɓa shiga matata.

Hanya ta biyar: inji, jerin kalmomi, sannan gyaran ƙwararre

A nan ƙwararre ko injiniya yana fara tsamo muhimman kalmomin takardar, a tsayar da Turancinsu, a loda wa injin fassara na biya mai karɓar jerin kalmomi, sannan ƙwararren ya bi abin da ya fito jimla bayan jimla yana kallon asali. Har ƙa'ida aka yi wa wannan aiki, ISO 18587 ta 2017. Kuɗinsa ya gaza na cikakkiyar fassara, lokacinsa ma haka, musamman a littattafan inji masu yawan maimaici.

Sharaɗin shi ne mai gyaran ya iya Sifaniyanci. Ba wa injiniyan da Turanci kawai yake ji ya gyara abin da inji ya fitar ba wannan hanya ba ce, domin zai gyara abin da ya yi masa baƙo a kunne, ya wuce kuskuren da ya zo da santsi. Kuma a fayyace wane gyara aka saya: akwai na sama-sama don a fahimta kawai, akwai cikakke. Na sama-sama bai isa shafin gargaɗi ba.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Inji kaɗai | Kyauta ko kaɗan | Mintuna | Babu abin da zai rage | Mai sauƙi ƙwarai | Babba a jadawali, lambobi da sirri |
| Kai da ƙamusoshi | Kyauta | Mai tsawo | Mai kyau, jerin kalmomi naka ne | Sai mai sanin fanni | Matsakaici, a nahawu da doka |
| Mai harsuna biyu | Matsakaici | Kwanaki | Kaɗan | Mai sauƙin samu | Babba, kuma a ɓoye |
| Ƙwararre | Mai tsada | Makonni a babban aiki | Mai kyau idan ka karɓi TMX | Sai an nema | Ƙarami |
| Inji da gyaran ƙwararre | Ƙasa da na ƙwararre | Ya fi na ƙwararre sauri | Mai kyau | Yana son shiri | Ƙarami idan gyaran cikakke ne |

Wace hanya ga wace bukata

Ɗalibi ko mai bincike da ke son sanin ko maƙala daga Meziko ko Chile ta shafi aikinsa, inji ya ishe shi. Idan zai ɗauki lamba ko ya kawo magana daga ciki, ya koma asali ya duba ɗigo da waƙafi da idonsa, ya tabbatar da kalmar a IATE ko a littafin fanni.

Wanda takardun neman kwangila masu ɗaruruwan shafuka suka zo masa, kwanakin rufewa kuma sun matso, ya yi amfani da injin fassara na biya don ya gane inda nauyin yake. Daga nan ya ware sharuɗɗan ingancin ruwan da zai fita, da garanti, da tara, ya kai wa ƙwararre. Sau da yawa waɗannan ba su wuce 'yan shafuka ba, kuma su ne za a kama shi da su.

Littafin sarrafa inji da kula da shi, wanda ma'aikata za su yi shekaru suna buɗewa, hanya ta biyar ce ta dace da shi, da cikakken gyara. Babin sinadarai, da shiga rami, da kashe wuta kafin gyara, a ba ƙwararre ya yi su da hannu daga tushe.

Sakamakon gwajin ruwa da ke zuwa kowane wata da tsari iri ɗaya, a biya ƙwararre sau ɗaya ya fassara samfurin da sunayen ma'aunai, sauran watanni injiniyan gida ya cike lambobi da kansa.

Kamfani ko hukumar da za ta daɗe tana hulɗa da mai kaya daga Sifaniya, ta fara da jerin kalmomi kafin ta fassara ko da shafi ɗaya: kalmar Sifaniyanci, ƙasar da ta fito, Turancin da aka zaɓa, da hoton abin idan inji ne. Mutum ɗaya ya riƙe fayil ɗin, kowane mai fassara da aka ɗauka a ba shi kwafi.

Takardar izini, hukuncin hukumar muhalli, ko duk abin da zai je kotu, banki ko ofishin jakadanci, a fara tambayar mai karɓa wane irin hatimi yake so, domin Birtaniya ba ta da tsarin rantsattsun masu fassara irin na Sifaniya, takardar shaidar mai fassara take karɓa. Idan rantsattse ake bukata kuma bai san fannin ba, a haɗa shi da jerin kalmomin da injiniya ya duba kafin ya buga hatiminsa, domin bayan ya buga, kowane gyara sai an sake fitar da takardar.